Kafin a rubuta kwalejin jarida ko ta zane a fom ɗin shiga jami'a: kira ga Hausawan Sudan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, muna roƙon fili a jaridarka mai albarka domin mu yi magana da iyayenmu da ƙannenmu Hausawan Sudan, na Gadarif da Kasala da Maiwurno da Damazin da Madani, da waɗanda yaƙi ya watsa zuwa Bur Sudan da Alƙahira da Jidda. Mu da muka haɗu a kan wannan wasiƙa, cikinmu akwai masu aikin rediyo, da masu tsara shafi a maɗaba'a, da masu koyar da zane. Duk lokacin da sakamakon shahada Sudaniya, wato jarrabawar gama sakandare, ya fito aka buɗe neman shiga jami'a, tambaya ɗaya ake kawo mana: yaro ko yarinya na son karatun jarida, abin da a nan muke kira i'ilam, ko karatun zane, wato funun, to wace jami'ar gwamnati ce ta fi? Amsarmu ba ta cika yi wa iyaye daɗi ba, don so suke a faɗa musu suna guda su rubuta su huta.

Sunayen dai ba ɓoyayyu ba ne. Mai son zane hankalinsa na tafiya ne ga kwalejin funun ta Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha da ke Hartum, kuma da dalili. Tushenta makarantar zane ce da aka buɗe a Kwalejin Gordon a tsakiyar shekarun 1940, daga baya ta koma ƙarƙashin Cibiyar Fasaha ta Hartum, cibiyar da ta rikiɗa ta zama jami'a a 1990. Daga nan Ibrahim El-Salahi ya fito, ɗan malamin allo na Umdurman, wanda gidan zane na Tate Modern a Landan ya baje kolin ayyukansa a 2013. Nan Ahmad Shibrain da Kamala Ibrahim Ishaq suka yi karatu suka kuma koyar. A ɓangaren jarida akwai kwalejin ilmin sadarwa a wannan jami'a, akwai irinta a Jami'ar Jazira da aka kafa a Madani a 1975, ga kwalejin i'ilam ta Jami'ar Musulunci ta Umdurman, ga sashen i'ilam a kwalejin adabi ta Jami'ar Hartum.

Sai dai duk wannan tarihi an gina shi ne kafin 15 ga Afrilu 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke. Madani ta faɗi a Disamba 2023, sojoji ba su dawo da ita ba sai Janairu 2025, tsakiyar Hartum kuwa sai Maris 2025. A tsakani an wawashe jami'o'i da yawa, har wayoyin lantarki an zare daga bango saboda jan ƙarfen da ke ciki, malamai kuma sun bazu a Masar da ƙasashen Larabawa na Halij. Karatu ya koma intanet, jarrabawa ta koma cibiyoyin aro a garuruwan da ke da kwanciyar hankali. Mai karatun shari'a ko tarihi zai iya cije wannan, tunda littafi da muryar malami yake buƙata. Mai ɗaukar hoto da mai gina tukwane kuwa, ba a koyon iyo a tudu. Saboda haka ma'aunin da muke ba iyaye shi ne: me hannun yaronku zai taɓa a wannan kwaleji, sau nawa a mako, kuma wa zai tsaya a kansa ya gyara masa? Halin kowace jami'a na canjawa daga zango zuwa zango yayin da ake gyare-gyare ana komawa mazauni, don haka labarin bara ba ya aiki bana.

A fara da fom. Neman shiga na bi ne ta ma'aikatar ilmi mai zurfi, ta intanet, kuma ɗalibi na jera zaɓinsa, ragabat, ɗaya bayan ɗaya. Littafin ƙabul, wato na ɗaukar ɗalibai, na shekarar shi ke nuna kwalejojin da ke karɓa, da darussan shahada da kowace ke nema, da kuma bambancin ƙabul na gama-gari da na kuɗi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a kai fom shagon intanet, yaro ya faɗi zaɓi biyu, mai shago ya cike sauran gurbin da abin da ya ga dama, sai sakamako ya fito an jefa yaro wani gari da wani fanni da bai taɓa mafarkinsu ba. A rubuta jerin a takarda tun daga gida, a kuma sa kwalejin da ake so da gaske a sama. Na biyu, jarida da zane ba ƙofa ɗaya suke da ita ba. Kwalejin funun na yin gwajin hannu, imtihanul ƙudurat, kuma wanda bai ci shi ba, makinsa na shahada kaɗai ba zai shigar da shi ba. A nemi ranar gwajin da garin da za a yi shi tun da wuri. Shirinsa ba ya cin kuɗi: fensir HB da 2B da 4B da 6B, takarda mai ɗan kauri, sai a ajiye buta da kofi da albasa biyu a kan tebur kusa da taga, yaro ya zana su kullum na awa ɗaya har wata biyu. Abin da masu dubawa ke nema shi ne ko yaro na ganin girman abu a gefen ɗan'uwansa, ko ya san inda haske ya faɗo da inda inuwa ta kwanta. Kwafar hoton ɗan ƙwallo daga waya ba ta koyar da wannan, ko da ta burge mutanen gida.

Wani abu ƙarami da ke zama babba daga baya: rubutun suna. Sunan da ke kan lambar ɗan ƙasa, raƙam watani, da na shahada, da na fasfo, su zama iri ɗaya har sunan kakan kaka, da Larabci da boko. Sunayenmu na Hausa sukan sha wuya a hannun magatakarda, harafi ɗaya kuma na iya tsayar da tantance digiri bayan shekaru.

Daga nan sai zuwa a gani, don gani ya kori ji. Wanda za a aika ya je ranar aiki tsakanin Lahadi da Alhamis, da hantsi, kuma kada ya fara da ofishin shugaban kwaleji. Ya fara da mai shayin da ke bakin ƙofa, inda ɗaliban ajin ƙarshe ke zama. Tambaya ta farko: darasin wannan makon a ina aka yi shi, a aji ko a waya? Ta biyu: ku 'yan wace shekara ne, kuma a wane zango kuke yanzu? Wannan tambayar tana da nauyi. Tun rufewar 2019, da korona a 2020, da yajin aiki, da yaƙi, ayarin ɗalibai sun hau kan juna a jami'o'i da yawa, har ɗaliban shahada na 2023 ma ba su zauna jarrabawarsu ba sai ƙarshen Disamba 2024. Idan ayari uku na jiran ɗakin aiki ɗaya, sabon shiga shi ne na ƙarshe a layi. Ta uku: malaman da ke koyar da aikin hannu, wane ne a cikinsu yake gari da jikinsa? Jerin sunayen farfesoshi a bango ba ya amsa wannan. Sau da yawa ma wanda ya fi amfanar ɗalibi shi ne ma'aikacin ɗakin aiki, fanni, mutumin da ya san wace kyamara ce ke cin batir da wace waya ce ke ƙara. Idan shi ya tafi bai dawo ba, ɗakin a kulle yake ko da kaya na ciki.

Yanzu mu zo kan kaya, a nan za mu ɗan daɗe. A ce aji yana da ɗalibai 120, sashen kuma yana da kyamara 3 masu aiki. Idan aka raba su biyar-biyar, rukuni 24 ke nan, rukuni 8 a kan kowace kyamara. Zango na mako 15 yana da ranakun aiki 75. In kowane rukuni ya riƙe kyamara yini guda, za ta zagayo gare shi kamar sau 9 a zango, kuma tunda su biyar ne, kowane ɗalibi zai sa ido a bayanta sau biyu ke nan, in ba a yi hutu ba, in ba ta lalace ba, in mai bakin cikinsu bai kankane ba. A ganinmu kyamara ɗaya ga ɗalibai 10 ita ce iyaka. Kada a yarda da abin da ke cikin kabad mai gilashi. A nemi ganin littafin aron kaya, a duba ranar da aka yi sa hannu na ƙarshe, a ga ko sunayen ɗalibai ne ko na malamai. A ƙirga batir da caja da katin ajiya da ƙafa-uku, don kyamara mai batir ɗaya rabin kyamara ce. A cire ruwan tabarau a haska ciki: ƙurar guguwar habub na shiga ta zauna a kan idon kyamara, ta riƙa fitowa ɗigo-ɗigo a duk hoton da aka ɗauki sama.

Sauti ya fi hoto muhimmanci, ko da yake yara ba sa son jin haka. Mai kallo na haƙuri da hoto mai hazo, amma ba ya haƙuri da muryar da ba ya ji. A shiga ɗakin rediyo a rufe ƙofa a yi tafi sau ɗaya. In tafin ya yi amo ya dawo, bango bai sha abin tsotse sauti ba, duk abin da aka naɗa a nan zai fito kamar daga cikin rijiya. Sannan a yi shiru na rabin minti a saurara. Na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, wadda ta cika gidajen Sudan, tana da rurin da makirfo ke kwasa fiye da yadda kunne ke ji, ga danshin da take zuba wa kayan lantarki. Janareta a bayan taga ma haka. A duba ko akwai makirfon maƙalawa a riga, da na riƙewa a hannu, da abin sawa a kunne ga mai naɗa, don wanda ke naɗar sauti ba ya saurare, tuƙi yake ido rufe.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke nuna ko ana koyar da aiki a wuri. A tambayi ɗalibin ajin ƙarshe: me ya sa hoton bidiyo ke rawa-rawa a ƙarƙashin fitilar ɗaki? Wanda aka koya wa zai ce wutar Sudan na kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, don haka ana saita kyamara a hoto 25 a daƙiƙa da ƙiftawa ɗaya bisa 50, wayoyi da yawa kuwa a kan 30 suke zuwa. A tambaye shi a ina ake tsayar da ma'aunin murya, zai ce kusa da 12 ƙasa da sifili, makirfo kuma kamar taƙi ɗaya daga baki, don in sauti ya taɓa sifili ya fashe, fasasshen sauti kuwa ba shi da gyara. Wanda ya amsa da sunayen masu nazarin sadarwa na Amurka da shekarun littattafansu, ya yi karatu, ba mu raina ba, amma gidan rediyo zai sake koya masa daga farko.

Kwamfuta da wuta tare ake auna su. Haɗa bidiyo na son kwamfuta mai ram gigabait 16 aƙalla. Bidiyon awa ɗaya mai kyau na yau da kullum na cin kusan gigabait 22, na 4K kuma ninki biyu, wanda ke nuna dalilin da ya sa koyar da haɗa bidiyo ta layin Zain ko Sudani ko MTN ba ya yiwuwa: ɗalibi ba zai iya tura aikinsa ba, malami ba zai iya gyarawa ba. Kwamfutar tebur da allonta na jan kusan wat 300 in tana aiki sosai. Guda 20 kilowat 6 ke nan, awa 6 a yini kuma kilowat-awa 36. Faifan sola na wat 550 na ba da kusan kilowat-awa biyu da rabi a yini, saboda haka ana buƙatar faifai wajen 15 don kwamfutoci kaɗai, ban da sanyaya ɗaki, kuma in ba a wanke ƙura daga kansu ba abin da suke bayarwa na raguwa. Mai ziyara ya ɗaga kai ya ƙirga faifan da ke kan rufi, ya tambayi ko inbata da batir na ɗakin aiki ne ko na ofis. Sashen da ya koma kwamfutar tafi-da-gidanka ya yi dabara, don 20 daga cikinsu ba su kai kilowat 2 ba. Game da manhaja, Adobe haya ake yi wata-wata, kuma kwafin sata da ke yawo a filashi shi ke kawo cutar da ke cinye aikin zango guda a dare ɗaya. DaVinci Resolve na da na kyauta mai ƙarfi, haka Audacity da Inkscape da Krita da Blender. Sashen da ke koyar da su ba talauci ya nuna ba, hankali ya nuna.

A ɓangaren zane kuwa ido kaɗai ya isa ya gane ɗakin da ke raye. Ɗakin zane, marsam, mai aiki ba ya tsafta: akwai ɗigon fenti sabo a ƙasa, gawayi a gefen taga, aikin da ba a gama ba jingine da bango, warin tiner. Ɗakin da aka share aka jera kujeru, baƙi yake jira. A duba haske, tagogi manya masu kallon arewa sun fi, don haskensu ba ya sauyawa sosai daga safe zuwa la'asar. A ɗakin ginin yumɓu tambayar ita ce tanderu, furun. Gasawar farko na son zafin digiri 900 zuwa 1000, ta ruwan ƙyalli ta wuce 1000, wasu irin yumɓun har 1250, tanderun lantarki matsakaici kuma na jan kilowat 6 zuwa 10 na awa 8 ko 10 ba yankewa. In wuta ta ɗauke a tsakiya, ƙyallin ba ya narkewa, kayan su fito da kaushi. In aka yi gaggawar ɗaga zafi da farko, ruwan da ya saura a jikin yumɓu ya zama tururi ya fasa tukunya, ta fasa na kusa da ita. Akwai kuma wani mataki wajen digiri 573 inda yashin da ke cikin yumɓu ke kumbura farat ɗaya, dole a ratsa shi a hankali a hawa da sauka. To a tambaya: yaushe aka yi gashi na ƙarshe, da lantarki ko da gas, kuma ina kayan da suka fito?

Ɗakin bugun siliki shi ne ya fi saurin mayar wa yaro kuɗinsa, tunda riguna da jakunkuna da tutocin makarantu ba sa ƙarewa. Ragar buga yadi na da zare 43 a santimita, ta takarda 90 zuwa 120. Maganin da ake shafa wa raga mai jin haske ne, a duhu yake bushewa, in bai sha haske sosai ba ya wanke gaba ɗaya, in ya sha da yawa ƙananan layuka su toshe. Zafinmu na watan Afrilu da Mayu na busar da tawadar ruwa a cikin raga kafin a buga riga goma. Waɗannan abubuwa da hannu ake sanin su, kuma sanin wurin bugu shi ne ƙira. A tambayi ɗalibai wa ke sayen kayan aiki. Yawanci su ne: takardar fentin ruwa mai giram 300, buroshi, yadi, tawada, kusan duk daga waje suke zuwa, farashinsu na bin dala. Uban da ya yi lissafin kuɗin makaranta kaɗai zai sha mamaki a zango na biyu.

Ga wata magana da iyaye ke yi da ƙasa-ƙasar murya, gara mu fito da ita: zanen mai rai. Gaskiya ita ce darasin zane na tushe yakan haɗa da fuskar mutum da tsayuwarsa, akwai kuma sashen sassaƙa. Amma bayan tushe hanyoyi na rabuwa, akwai rubutun Larabci da ado, akwai zanen yadi, ginin yumɓu, ɗab'i da ɗaure littafi, tsara cikin gida, tsara kayan masana'antu. Wanda ke da damuwa ya tambayi malaminsa na addini, ya kuma tambayi kwalejin abin da ake yi a shekarar farko, kafin a biya kuɗi ba bayan an biya ba. Mu dai abin da muke gani shi ne yaranmu da suka taso a makarantar allo, halwa, suna shiga da jarin da ba su san suna da shi ba. Wanda ya iya fere alƙalami, ya dama tawada da ƙaro, ya yi zayyanar sauka, hannunsa ya riga ya zauna. Abin da zai koya sabo shi ne awon rubutun gabas, inda ake auna kowane harafi da ɗigon bakin alƙalami, alif na salon ruƙ'a ɗigo uku, na salon sulus bakwai. Rubutunmu na warash dabam yake tafiya, kuma malami nagari ba zai ce a yar da shi ba. Waɗanda suka ɗaga sunan zanen Hartum a shekarun 1960 daga allo da harafi suka ɗebo.

Masu son tsara hoto da rubutu a kwamfuta, wato girafik, su ne suka fi yawa yanzu, kuma a nan ne aka fi sayen kifi a ruwa, don kowa na ganin ya iya. Ma'auninmu maɗaba'a ce. Wanda ya gama ya san cewa launin allo dabam, launin tawada huɗu na ɗab'i dabam, shuɗi mai ƙyalli a allo na fitowa a dushe a takarda. Ya san hoton bugawa na son ɗigo 300 a inci, hoton da aka turo ta WhatsApp kuwa an matse shi. Ya san barin rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Ya san abin da ke sa haruffan Larabci su rabu da juna su juya baya in manhaja ba ta gane rubutun dama zuwa hagu ba. Namu yaron kuma yana da ƙarin aiki: ɓ da ɗ da ƙ da ƴ sukan koma akwati-akwati a salon rubutun da ba ya ɗauke da su, sai an zaɓi irin su Noto ko Andika. Don ajami akwai salon Alkalami da aka zana bisa rubutun Kano, kyauta ne. Ba ma tsammanin jami'ar Sudan ta koyar da waɗannan, amma malamin da aka nuna wa matsalar ya zauna ya bincika tare da ɗalibi, wannan shi ne malamin da ake nema.

Hujja mafi ƙarfi ita ce aikin kammalawa na ayarin da ya fita na ƙarshe. A ce a nuna biyar, ba ɗaya da aka zaɓa ba. A sashen jarida a nemi shirin rediyo ko ɗan fim ko jaridar gwaji da ɗalibai suka yi, a saurara da kunne: murya na fita, an ji ɓangare biyu na labari, an faɗi inda aka samo adadi? In duk aikin kammalawa takardar bincike ce mai tambayoyin cikewa, to sashen nazari ne, ba na sana'a ba. A kuma tambayi inda ɗalibai ke zuwa horon aiki. Da can amsar a bayyane take, gidan rediyon Umdurman da ya fara watsa shiri a 1940, da talabijin, da jaridun Hartum. Jaridun takarda sun tsaya da fara yaƙi, aiki ya koma shafukan intanet da gidajen rediyon jihohi, saboda haka sashen da ke da yarjejeniyar horo da gidan rediyon jiharsa ya fi wanda ke ambaton abokan hulɗar da ya yi da su a da.

Muna kuma so a tambayi ko ana koyar da tantance labari: yadda ake gano asalin hoto da ranar da aka fara sa shi a intanet, yadda ake gane tsohon bidiyo da aka sake wa suna. Mu Hausawa mun ga abin da jita-jita da kalaman ƙiyayya a Facebook suka ƙara wa rikicin jihar Nilul Azraƙ a Yuli da Oktoba 2022, mun kuma ga ƙarancin namu da za su ba da labarinmu da ƙwarewa. Karatu a waɗannan jami'o'i da Larabci ake yi, wannan alheri ne, amma kada yaro ya saki Hausarsa. Mai rubuta Hausa daidai da ƙa'ida, ga Larabci, ga ɗan Turanci, yana da ƙofofin da abokin ajinsa ba shi da su: sassan Hausa na BBC da DW da RFI da TRT, fassarar saƙonnin lafiya irin na kwalara ga ƙungiyoyin agaji, aikin fassara da watsa labarai lokacin hajji. Ƙa'idar rubutun boko sai ya nema da kansa, don yawancin yaranmu na nan da baki kawai suke Hausa.

Saura ƙananan abubuwa. Wurin kwana, dahiliya, na hannun asusun kula da ɗalibai ne na ƙasa, ba na kwaleji ba, don haka a tambaya daban, musamman ga 'ya mace, a ga ruwa da nisan tafiya da lokacin rufe ƙofa, tunda aikin ɗakin haɗa bidiyo yakan kai dare. A harabar da aka yi faɗa a cikinta a tambayi ko masu kwance nakiya sun bi ta. Wanda ke da niyyar aiki a waje ya sani digiri sai ya bi tantancewar jami'a da ma'aikatar ilmi mai zurfi da ta harkokin waje, a Najeriya kuma sai ma'aikatar ilmi ta tarayya ta auna shi kafin bautar ƙasa. Wanda makinsa bai kai ba, difloma a sashen da ke da kayan aiki, sannan a haura zuwa digiri ta hanyar tajsir, ta fi digiri na kuɗi a sashen da kyamararsa ke kan allo da alli.

Ga waɗanda ke Jidda ko Alƙahira ko ƙauyen da tafiya ke da wuya, a nemi lambar ɗalibi ɗaya na ajin ƙarshe ta hannun 'yan'uwa, a tura masa kuɗin data ta manhajar banki ta Bankak, a roƙe shi ya ɗauki bidiyon minti uku ba tare da yankewa ba: ya fara daga allon sunan kwaleji, ya shiga ɗakin aiki, ya kunna kwamfuta ɗaya da kyamara ɗaya a gaban ido, ya buɗe littafin aron kaya a shafin ƙarshe. A yi haka ga kwaleji biyu ko uku, sannan a zauna da yaron a jera ragabat.

Mun gode da filin da ka ba mu, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu ma'aikatan rediyo da ɗab'i da malaman zane,
Gadarif da Kasala, Sudan.